Ɗan Aiken Yarima a Ƙasar Ailan

Da akwatina aka fara raba ni. Jirgin ruwa ya sauke mu a Libaful ta ƙasar Ingila da hantsi, wani Bature mai hular 'yan dako ya zo da fara'arsa ya sungumi akwatin, ya ce in tsaya nan zai samo mini mota. Har yau yana samowa. A ciki akwai bargon saƙi da kakata Inna Jumma ta sa aka yi mini a Kebbe, da kilishi, da ƙullin yaji. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da ya ɗauka sai da na bi shi da godiya har da rusunawa. A lokacin ni malamin dabbobi ne na En'e a Tambuwal, Umaru sunana, gwamnatin Jihar Arewa ce ta tura ni ƙasar Ailan karatun likitan dabbobi jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Ina ganin kaina wayayye, ashe ko kan hanya ban hau ba.

Daga nan wani ƙaramin jirgin ruwa ya ƙetara da mu zuwa Dabilin, babban birnin Ailan. Teku ta yi ta jijjiga mu, na yi amai har na ga kamar hanjina zai biyo baya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tsiyaya mini shayi daga gorarta, ta yafa mini mayafinta a gwiwa. Ta tambaye ni ko karatun zama fada, wato limamin coci, na zo, don baƙaƙen da ta sani duk 'yan coci ne. Na ce mata ni Musulmi ne. Sai ta ƙara mini shayin.

Shekarar da na yi a Dabilin ba ni son tuna ta. In na ƙwanƙwasa ƙofar da aka rubuta akwai ɗakin haya, sai a buɗe a dube ni a ce yanzun nan aka kama. Da ƙyar na samu wani ɗaki can ƙarƙashin rufi, inda sanyi yake shiga ƙashi. Na yi azumi ni kaɗai, na sha ruwa da burodi da madara ni kaɗai, ranar Idi kuwa ina cikin aji ana koya mana tsutsar hanta. Bakina ya yi tsami don rashin magana. A gonar makaranta nakan faki ido in yi wa shanu Hausa, in tambaye su gajiya, in ba su labarin kasuwar Tambuwal. Wallahi wata rana na kama kaina ina jiran wata saniya ta amsa.

A shekara ta biyu aka tura ni wani ƙaramin gari a yammacin ƙasar, bakin teku, in koyi aiki a hannun likitan dabbobin yankin. Aka sauke ni gidan wata gwauruwa, Uwargida Nora, mace mai faɗa da baki amma mai kirki da hannu. Mu biyu ne 'yan hayarta. Ɗayan wani dogon tsoho ne siriri, kwat ɗinsa ɗaya tak amma kullum a goge, Turancinsa da nauyi kamar na baƙo. Mutanen gari Bajamushe suke kiransa. Duk lokacin da Nora ta shigo sai ya miƙe tsaye, kuma dafaffen dankalin da muke ci safe da yamma yakan yanka shi a natse kamar an ajiye masa cinyar rago.

Na tambayi Nora ko wane ne. Ta taɓe baki.

"Wai shi jinin sarakunan yankin nan ne. A garin nan kowa jinin sarki ne in ya sha ya yi tatil."

"Shi yana sha?"

"Ko ɗigo. Shi ya sa nasa ya fi ban tausayi."

Ni kuwa ban yi dariya ba. Na tashi a Tambuwal, na san 'ya'yan sarautar da sarauta ta tsallake, na san yadda suke zama da yadda suke miƙa hannu. Mutum yana iya ƙaryar suna, amma wannan zaman ba a aro shi. Washegari da safe na tuɓe takalmina a bakin ƙofar ɗakin cin abinci, na rusuna, na ce masa da Hausa, "Ranka ya daɗe." Ya tambaye ni ma'anarta. Na ce haka muke gai da ɗan sarki a ƙasarmu, kuma ɗan sarki Yarima muke ce masa. Ya juya ya daɗe yana kallon taga, shayinsa har ya huce. Daga ranar ban sake kiransa da wani suna ba sai Yarima.

Ran Lahadi da la'asar muke zama bakin murhu. A can wata baƙar ƙasa suke haƙa su busar su ƙona, ƙamshinta sak na busasshen kashin shanu da ake turarawa a rugagen Kebbe, in na lumshe ido sai in ji kamar ina gida. A nan ya ba ni labarin gidansu. Kakanninsa ne suka mallaki yankin nan tun daga bakin teku har duwatsu. Da Ingilishi suka ci su da yaƙi, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, sai manyan gidan suka shiga jirgin ruwa suka yi ƙasar Sifen, da niyyar su samo taimako su dawo. Ba su dawo ba. 'Ya'ya da jikoki suka zama sojojin sarakunan wasu ƙasashe, daga Sifen har Ostiriya inda aka haife shi. Yaƙe-yaƙen Turai suka cinye gidan, da takardun, da matarsa, da ɗansa guda. Ya rage shi kaɗai, ya tattara tsufansa ya zo ƙasar da bai taɓa gani ba, ya tarar ana ce masa Bajamushe.

Abin da ya rage masa sunaye ne. Yakan jero su tun daga kansa, wane ɗan wane, wane ɗan wane, har ya kai ga wanda ya gina tsohuwar majami'ar da ke bayan gari. Ni kuma ina amsawa yadda aka koya mini in dattijo yana lissafa asali: "To." "Haka ne." "Madalla." Ya ce tunda ya zo ba wanda ya taɓa bari ya kai ƙarshe. Na ba shi namu labarin, cewa mu ma da Nasara suka ci Sakkwato mutane da yawa sun yi hijira gabas, har da mahaifin Inna Jumma, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya riƙe hannuna ya ce ashe hannu ɗaya ne ya watsa mu. Kafin hunturu ya shigo na haddace asalinsa kaf, har in ya yi tuntuɓe ni nake ɗora shi.

Da sanyi ya kankama tari ya kama shi, irin wanda ba ya sakin tsoho. Wata rana ya ce in raka shi. Muka tsaya a bakin hanya, ya nuna mini kufan majami'ar can tsakiyar wata gona, rufin ya zube, katangu ne kawai a tsaye. A ciki aka binne kakanninsa. Bai taɓa shiga ba, don gonar ta wani manomi ce mai suna Tomas, shi kuwa ya ce ba zai haura shinge kamar ɓarawo ya gai da iyayensa ba.

"Umar, likita ya gaya mini gaskiya," in ji shi. "In na mutu hukuma za ta kai ni maƙabartar marasa kowa. Ni can ciki nake so in kwanta. Fada ya ce in Tomas ya yarda, shi ba shi da ja. Amma ban iya roƙo da bakina ba."

Wannan ai ba sai an yi mini bayani ba. A wurinmu wane babban mutum ne yake zuwa neman alfarma da ƙafarsa? Aikawa ake yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka samu ɗan aike."

Na shirya abin yadda ake shirya shi a gida. Babu goro, sai na sayi taba. Na je na sami Tomas a garkensa, gajeren mutum mai faɗin kafaɗa da jar fuska. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi shanu, na tambayi ruwan sama, na ajiye taba na yi sallama. Bayan kwana biyu na koma na sake haka. Ai ba a faɗo wa mutum da buƙata tun zuwan farko. Da na sake komawa, tun kafin in gama gaisuwa ya jingine cokalin ciyawarsa.

"Yaro, in saniya kake son saye, ka faɗa. In 'yata kake so, ta yi aure."

Na ce a raina lokaci ya yi. Na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya, na faɗi wanda ya aiko ni da abin da yake nema. Sannan na ɗauko asalin Yarima tun daga sama, na shiga jero shi da ƙarfi kamar maroƙi a ƙofar fada, wane ɗan wane mai dawaki, wane ɗan wane da ya gina majami'a, wane da sarkin Sifen ya rataya wa takobi. A Tambuwal in ka faɗi asalin mutum haka, ko mai taurin kai sai jikinsa ya yi sanyi. Ina yi ina jin daɗin kaina, ban lura fuskar Tomas tana ƙara ja ba.

Ya bari na kai ƙarshe. Sannan ya ce in biyo shi. Muka ratsa gona, muka wuce ƙofar kufan ba mu shiga ba, muka zagaya bayan katanga. Wurin duk tudu-tudu ne da ciyawa mai ƙaiƙayi, babu dutse ko ɗaya mai rubutu.

"Ka gama naka?" in ji shi. "To ga nawa. Da nasa suka shiga jirgi da azurfarsu, nawa aka bari. Su aka ƙwace wa gona, su suka yi ta biyan haya a kan ƙasar ubanninsu. Da dankali ya ruɓe yunwa ta zo, nan aka zuba su rami ɗaya, ko likkafani babu. Lokacin nasa suna can ana rataya musu takobi. Yanzu ya dawo yana son ciki, inda ruwa ba ya duka? Ka gaya masa ya koma inda aka ba su takobin su ba shi rami."

Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnena, don rabin labarinmu kawai na ba Yarima. Ɗaya rabin shi ne abin da Inna Jumma take faɗa duk lokacin da aka yabi mahaifinta a gabanta: "Shi yat tafi gyaran lahiratai, mu munka zamna da yunwa." Na san wannan ɗacin tun ina yaro, amma ban taɓa kawo wa raina Bature ma yana da shi ba.

A hanya na yi ta saƙa yadda zan ce masa ana dubawa, a ƙara haƙuri. Amma ɗan aike ba ya rage saƙo. Na zauna a gabansa na faɗa masa duka, har maganar takobin. Ya yi mini godiya, ya tashi ya shiga ɗakinsa.

Makonnin da suka biyo baya sun fi mini shekarar Dabilin ɗaci. Ran Lahadi in zauna bakin murhu ni kaɗai, ina jin tarinsa ta bango. In mun haɗu wurin cin abinci ya gaishe ni da mutunci, shi ke nan, ba sunan kakanninsa ko ɗaya. Mutum ɗaya nake da shi a ƙasar nan gaba ɗaya, na je da bakina na rufe masa ƙofa. Nora ta ce da na tambaye ta da ta gaya mini kada in kuskura in yi wa Tomas zancen sarauta. Na ce ai da ta faɗa tun farko. Ta ce ai ban tambaya ba, muka yi ta yi har ta tura mini ƙarin dankali don in yi shiru.

Wata Lahadi sai ga shi ya fito da kwat ɗinsa a goge da sanda a hannu. Ya ce, "Umar, kai ni wurin mutumin nan."

"Ranka ya daɗe, da ƙafarka?"

"Da ƙafata."

Tafiyar da nake yi kafin shayi ya huce, ranar sai da muka yi ta tsayawa yana dafa kafaɗata yana mai da numfashi. Muka sami Tomas a tsakar gida. Ya gan mu, bai matso ba, bai kuma kore mu ba. Yarima ya cire hularsa, iska tana kaɗa ɗan farin gashin da ya rage masa.

"An karanta maka nawa ba ka tambaya ba," in ji shi. "Na zo in ji naka."

Tomas ya dube shi kamar mai neman inda ba'a ta ɓuya. Da bai gani ba, sai ya faɗi sunan ubansa, ya faɗi na kakansa. Ya ce uwar kakan nasa Birijid ce, tana bayan katanga da 'ya'yanta, ba wanda ya riƙe sunayen yaran. "Daga nan babu," in ji shi. Kowane suna ya faɗa sai Yarima ya maimaita shi a hankali. Sannan ya roƙa a nuna masa wurin.

Muka ratsa gonar mu uku. Da muka zo daidai ƙofar kufan na ji hannunsa ya ƙanƙame kafaɗata. Ya tsaya ya leƙa ciki, ga duwatsun kakanninsa nan kwance da zane a kansu, taku kaɗan tsakaninsu. Na zaci zai shiga. Bai shiga ba, ya ce mu je. A bayan katanga ya daɗe tsaye cikin ciyawar nan, hula a hannu, har na fara jin tsoron sanyin nan zai ƙarasa shi.

"Ba mu dawo ba," in ji shi. "Mun ce za mu dawo, ba mu dawo ba." Ya juya wajen Tomas. "In za ka yarda, nan nake so. Ba ciki ba. In suna karɓar baƙo."

Tomas ya shuri ƙasa da takalminsa. Ya ce, "Wurin akwai duwatsu." Ya juya ya koma wajen shanunsa. Da muka gaya wa Nora ta ce a bakin Tomas wannan amincewa ce, ba a taɓa samun fiye da haka ba.

Bai ga bazara ba. Wata safiya Nora ta kai masa shayi ta tarar rai ya yi halinsa. Kafin azahar sai ga Tomas a ƙofa da shebur biyu a kafaɗa, ya miƙo mini ɗaya. Muka tafi. Da muka isa sai na ga ya shige cikin kufan, ya je gefen wani babban dutse mai zane ya kafa shebur ɗinsa.

"Nan za mu haƙa," in ji shi. "Na yi ta tunani. Nan ya so tun farko. Ba ni zan raba mutum da ubanninsa ba."

Wallahi zuciyata ta so. Ni ne na ji yadda hannunsa ya kama kafaɗata a bakin ƙofar nan. Ni ne na san abin da ya taso shi daga wata uwa duniya da tsufansa. Ga shi an ba shi a kyauta, ba roƙo. Amma a wurinmu maganar da mamaci ya bari ta ƙarshe ita ce wasiyya, mai rai ba ya gyara ta don ya ga abin da ya fi.

Na ce, "Mista Tomas, saƙon ƙarshe da na ji daga bakinsa bayan katanga ne."

"Don ya ga na hana shi ne ya faɗi haka."

"Ko da ka hana shi, ai ba ka ce ya cire hula ba. Ba ka ce ya maimaita sunan Birijid ba."

"Kai yaron nan taurin kai gare ka."

"Aike aka yi mini."

Ya tsaya yana huci, ya dubi dutsen, ya dube ni. Can ya zare shebur ɗinsa ya fita, na bi shi. Gaskiyarsa, wurin akwai duwatsu. Muka yi ta fama har rana ta yi ƙasa, yana sara ina kwashewa, ruwa yana tsattsafi a kanmu. Hannuna da ya saba da allura da alƙalami ya yi bororo, bororon ya fashe.

Washegari aka kawo shi. Na zaci mu uku ne da fada, sai ga mutanen gari sun fito maza da mata, har waɗanda suke ce masa Bajamushe, don su ma kamar mu ba sa barin gawa ta tafi ita kaɗai. Da fada ya fara addu'arsu na koma gefe na tsaya. Addu'ar da na iya ba tasa ba ce, na bar shi da Ubangijin da ya halicce mu duka. Aka saka shi, aka mai da ƙasa.

Al'adarsu ce in an gama a yi layi a gai da dangin mamaci hannu da hannu. Mutane suka tsaya cirko-cirko suna duban juna, babu dangi. Ni ma ina dubawa tare da su. Sai Tomas ya goge hannunsa a wando, ya ratso taron ya zo inda nake, ya kama hannuna ya ce yana taya ni baƙin ciki. Nora ta biyo bayansa, sai layin ya juyo gaba ɗaya ya nufo ni. Turanci ya gudu daga bakina, na ji ina amsa musu da Hausa, "Na gode, na gode da zuwa." Manoma ne, riƙonsu da ƙarfi, kowa ya damƙi tafin nan da ya fashe sai na ji zafin har ƙwaƙwalwata. Hawaye suna zuba, ban san na wanne ba ne. Ban janye hannun ba sai da na ƙarshensu ya wuce.